Surukina da Wutar Tsohuwar Kitika

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Mahaifin matata ya rasu a asibitin Azare da hantsi, a ƙarshen damina, aka kai shi makwancinsa kafin la'asar.

Ni na zauna a zaure tare da ƙannensa muna karɓar gaisuwa. Mutum ya shigo ya durƙusa ya ce, "Ya haƙuri?" in ce, "Da godiya." Wani ya shigo, in sake faɗa. Bakina ne yake amsawa, ni kuwa ina kallon wasu tururuwa suna jan ƙwayar gero a gefen tabarma. Ban yi kuka ba, ban kuma ji ina son yi ba. Sai dai na ji jikina kamar na aro.

Direbobi sun zo da yawa. Suka jera motocinsu tun daga bakin kasuwa har ƙofar gida, kowa ya kashe injinsa. Ban taɓa ganin motoci da yawa haka a wuri ɗaya babu ko ɗaya da take ƙara ba. Wani dattijon direba mai bin hanyar Hardawa ya zauna kusa da ni, hannunsa duk baƙin mai, ya ce, "Shekaranjiya fa na ce in na dawo zan kawo masa motar ya saurara, tana yi mini tari a hawa." Sai ya ji abin da ya fito daga bakinsa, ya sunkuyar da kai. Wani Babarbare mai sayar da kanwa ya fashe da kuka da ƙarfi har aka kama shi aka fitar. Goggo, yayar mamacin, da aka ɗauko daga Katagum, ta tsaya a tsakar gida tana magana da Fillanci, sannan ta juya ta faɗa da Hausa don kowa ya ji: "Ni na goya shi. Ni ya kamata a fara kaiwa." Matata ta ce da ni duk yinin nan tambaya ɗaya Inna, matar mamacin, take yi, ko an ba baƙi ruwa.

Ni direba ne, rubutu a ajin yaƙi da jahilci na koya, hannuna bai saba ba. Amma jikokinsa ƙanana ne, za su tashi su ji ana cewa kakansu fita ne, wato mai gyaran mota, shi ke nan. Shi ya sa na zauna in ajiye musu abin da na gani. Ba zan ambaci sunansa ba, don ban taɓa ambata ba yana raye. Direbobi suna ce masa Malam, ni Baba nake cewa.

A Katagum aka haife shi, gidan masunta a bakin kogi. Yana saurayi ya bi fatake zuwa Kano, ya ga mota, bai dawo ba sai da ya iya cikinta. Da ya dawo sai ya zauna a Azare, ya kafa wurin aikinsa a gindin wata tsamiya bayan kasuwa. Akwatin ƙarfe ɗaya, benci ɗaya, buta, sai wani gwangwani cike da fankon ashana. Ba ya shan taba. Gefen fankon yake yagowa yana goge kwantak, ɗan bakin ƙarfen nan da ke buɗewa yana rufewa ya ba injin wuta. Yara a unguwa sun san haka, duk wanda ya tsinci fanko sai ya kai masa.

Yana gyaran komai a mota, amma an fi saninsa da wuta. In aka turo masa motar da ta ƙi tashi, direba zai fara bayani, mai ne ya toshe, kabireta ce, wane ne ya yi mata baki. Baba zai bar shi ya gama tas, sannan ya ce, "Ka ga wutar?" In direba ya ce akwai wuta, sai ya ce, "Wace iri?" Nan yawanci magana take ƙarewa. Sai ya zare wayar filogi ya riƙe ta dab da jikin injin, ya sa a murɗa handil, ƙarfen da ake tayar da injin da shi. Wuta mai lafiya shuɗiya ce, tana tsalle da ƙara, ƙas, ƙas. Maras lafiya ja ce, siririya, ba ta da murya, sai ka kusa manna wayar kafin ta yarda ta fito. Ita wannan ce take ruɗa mutane, domin mota takan tashi da ita da safe, ta yi tafiya a shimfiɗe, sai an ɗora kaya an shiga yashi ta fara shessheƙa ta mutu.

Da rana tsaka ba a ganin launin wuta. Saboda haka sai ya ɗago babbar rigarsa ya lulluɓe kansa da injin gaba ɗaya, kamar mai ɗaukar hoto. Masu wucewa kasuwa su ga dattijo da furfura ya dunƙule, ƙafafu kawai a waje, murya tana fitowa daga cikin riga: "Murɗa. Sake." Baƙi sukan tsaya kallo, 'yan gari kuwa sun saba.

Yana da mugun wasa guda ɗaya. Direban da ya cika gardama ya nace babu wuta sam, Baba yakan miƙa masa wayar ya ce, "To riƙe mini nan." A murɗa handil, mutum ya daka tsalle yana salati yana yarfe hannu. Baba ba ya ko murmushi. Cewa yake, "Ashe akwai."

Ni ma ta hanyar wuta na san shi. Lokacin ina tuƙa wa wani attajiri tsohuwar kitika, irin motar nan mai wurin zama a gaba da wurin kaya a baya, ina ɗauko kifi daga Katagum zuwa kasuwar Azare. Ta girmi duk motocin da ke tasha. Wata damina ta tsiri ƙin tashi da safe, sai rana ta buɗe. Na kwance kabireta, inda mai yake haɗuwa da iska, na wanke har na gaji, maigidana ya fara cewa ko dai hannuna ne ba shi da kyau. Na tura ta gindin tsamiya. Baba ya duba wuta a bakin koyil, inda take tasowa, shuɗiya. Ya duba a bakin filogi, ja. Ya ce, "To tsakanin nan da nan take zubewa." Ya cire murfin da ke raba wuta ga filogogi, ya goge cikinsa da gefen riga, ya karkata shi ga haske ya ce in leƙa. Wata tsaga ce kamar silin gashi, da ɗan baƙin layi yana bin ta. Raɓa takan kwanta a ciki, wuta ta bi raɓar ta gudu. Ya kankare baƙin da tsinin wuƙa, ya narka kakin zuma ya cike tsagar, ya ce zai riƙe ni har a kawo wani daga Kano. Ya riƙe kuwa. Aikina bai tafi ba, kuma daga baya kitikar ma ta zama tawa.

Daga nan na zama ɗan gindin tsamiya. In ba ni da lodi can nake yini. Kwano ɗaya muke ci, yana ba ni labarin hanyar Kano tun ba a zuba mata tsakuwa ba, yana yi mini faɗa in na bar gyaɗa a gaban mota, don ɓera in ya gama da gyaɗa waya yake komawa. Abin da ya fi nanata mini shi ne, "Bi waya da hannu. Ido yana ganin riga ne kawai." Domin waya takan rube a ciki, robar da ke kanta tana nan lafiya lau.

Sai na nemi 'yarsa, ya ba ni. Daga ranar ɗaurin aure kunya ta shiga tsakaninmu, kamar yadda ya kamata. Ban sake cin abinci a gabansa ba, shi ma ko ruwa ba ya sha in ina wurin. In na hango shi a hanya sai in tuɓe takalmi in durƙusa. Amma mota ba ta san wannan ba, tana lalacewa kamar da, dole mu haɗa kai a kan injin ɗaya. Sai ya samo dabara. Ya daina ce mini "kai". Muna tsaye kafaɗa da kafaɗa, zai dubi injin ya ce, "Mai motar ya miƙo sifana." Ko kuma, "A tambayi mai motar yaushe rabonsa da goge kan batir." Ni kuma in dubi taya in amsa. Direbobi suna dariya a ɓoye. Shekaru muka yi a haka, ina kewar hirarmu ta da, ban san ko shi ma yana yi ba.

Sau ɗaya muka yi rigima. Ranar kasuwa ce, ina da alkawarin ɗauko ɗanyen kifi. Na biya ya ɗaure mini wata ƙusa, sai ya ga babbar wayar koyil ta tsattsage tana gogar bututun mai. Ya ce, "Mai motar ba zai fita yau ba." Na ce wa taya zan naɗe ta da tsumma in lallaɓa. Ya buɗe murfin raba wuta, ya zare ɗan abin da ke juyawa a ciki, wanda in babu shi mota gawa ce, ya jefa a aljihu, ya ɗauki butarsa ya tafi gida. Ba halin in bi shi in yi musu. Sai na aiki matata. Ta je ta dawo ta ce, "Baba ya ce bai aurar da ni don in yi takaba ba." Na ce ta koma ta ce masa masunta suna jirana. Ta dawo ta ce, "Ya ce su shanya." Ta yi ta kai da kawowa har ta zauna a dokin ƙofa ta ce ita ta gaji, mu biyun kanmu ɗaya ne. Kifin nan wani ya ɗauka, masuntan suka daɗe ba su sake nemana ba. Washegari na tarar ya sa sabuwar waya, ya ɗaure ta nesa da bututun, ya mayar da abin da ya cire. Ba mu taɓa tayar da zancen ba. Har yau ina ganin da tsumman zai kai ni ya dawo da ni, shi kuma ya tafi yana ganin ba zai kai ba.

Akwai wani tsohon direba da idonsa ya mutu, ba shi da kowa a garin. Kullum da safe Baba yakan aika a jawo shi gindin tsamiya, a zaunar da shi a kan benci. In an tayar da mota sai Baba ya ce masa, "Malam, saurara mini wannan, kunnena ya fara nauyi." Makahon ya karkata kai ya yi jim ya ce bawul ne, ko ya ce mai ne ya yi yawa. Sau da yawa ba haka ba ne. Baba yakan ce, "To, zan duba nan ɗin ma." Ya je ya gyara abin da ya lalace, sannan ya taɓa inda makahon ya ce, don kada ya zama ya yi ƙarya. In abinci ya zo daga gida a ce ga na masu aiki, su ci tare. Kunnen Baba kuwa lafiyarsa ƙalau, ni shaida ne.

Da gero ya fara nuna bana, ya tafi Katagum da Inna su duba Goggo da gonar gidansu. Can ciwon ya kama shi, ciki ya kumbura, ba ya riƙe ko kunu. Aka aiko mini. Na isa da safe na tarar da shi kwance, ya zabge, idonsa ya faɗa. Muka shimfiɗa katifa a bayan kitika, muka kafa masa rumfa da tabarma, Inna ta zauna ta ɗora kansa a cinyarta. Na kama hanyar Azare a hankali saboda ramuka.

Mun yi nisa, mun bar garuruwa, rana ta take, sai motar ta fara fizga. Ta yi tari, ta kama, ta sake yi. Muna shiga wani yashi mai zurfi ta mutu. Babu gida kusa, babu inuwa sai ƙaya, kuma ba ranar kasuwa ba ce balle in sa ran wata mota. Na sauko na ɗaga murfin injin. Hannuna yana aiki, kaina babu komai a ciki.

Na zare wayar koyil na riƙe kusa da injin, na buɗe kwantak da tsinin sukudireba yadda ya koya mini in ba mai murɗa handil. Hasken rana ya hana ni ganin komai. Rigata ƙarama ce. Ina nan tsaye sai na ji inuwa ta rufe ni. Inna ce ta sauko, ta cire mayafinta ta ɗaga shi da hannu biyu a kaina da injin. Matar da tun da na auri 'yarta ba mu taɓa haɗa ido ba. Ta kawar da fuska gefe ta ce, "Duba."

Ja ce, siririya, da ƙyar take fita.

Na goge kwantak da gefen fanko. Na kankare kan batir na ƙara ɗaurewa. Na duba murfin raba wuta, ba tsaga. Na sake gwadawa, tana nan yadda take. Na murɗa handil har kafaɗata ta riƙe, motar ta yi kamar za ta kama ta fasa.

Sai muryarsa ta fito daga ƙarƙashin tabarma, ƙasa-ƙasa. "Wace iri?"

Na ce wa taya, "Ja ce, Baba."

Ya tara numfashi. "Koyil da zafi?"

"Babu zafi."

"To ba shi ba ne. Ba ya samun abinci ne." Sannan ya ce, "Ɗana, zo nan in gaya maka, ba ni da ƙarfin ɗaga murya."

Na zagaya na tsaya a gefensa. Ya dube ni cikin ido. Ya ce, "Siririyar wayar da ta taso daga makulli zuwa koyil. Kama ta ka riƙa ja a hankali, taƙi-taƙi. Inda ka ji ta miƙe kamar danƙo, nan ta tsinke a ciki."

Na koma na bi ta da yatsu. A daidai inda ta ratsa ƙarfen da ya raba injin da wurin zama, ta miƙe a hannuna. Na yanka robar. Duk silin tagullar sun rube sun yi kore, saura ƙwaya biyu ko uku suke riƙe. Na ce masa na gani, amma ba ni da wata waya.

Ya ce, "Yanko ta fitilar baya. Da rana muke tafiya."

Na shiga ƙarƙashin mota na yanko, na feƙe bakinta da haƙori, na murɗa ta daga makulli zuwa koyil. Inna ta sake ɗaga mayafi. Ƙas. Shuɗiya. Murɗa ɗaya na yi wa handil ta tashi.

Na zo zan gyara masa rumfa, ya riƙe mini hannu yana sauraren injin, ido a rufe. Ya ce, "In ka samu sarari ka ɗaure ta sosai, murɗin hannu ba ya daɗewa." Sannan ya ce yana jin ƙishi. Inna tana can tana yafa mayafinta. Na ɗauko gora na tallafo kansa, ya sha a hannuna, kaɗan, sauran ya zubo ta gefen gemu. Na goge masa da hannun rigata. Bai saki ɗaya hannun nawa ba sai da Inna ta hau.

Mun shiga Azare bayan azahar. Ma'aikatan asibiti sun yi iya yinsu. Ya yi 'yan kwanaki, yawanci barci yake, in ya farka 'yarsa yake tambaya ko yara sun ci abinci. Da ni bai ƙara wata magana mai tsawo ba. Ranar da ya cika ina waje ina alwala, aka fito aka gaya mini. Na ƙarasa wanke ƙafar da ta rage, don ban san abin da zan yi ba in ba wannan ba.

Bayan sadakar bakwai baƙi suka watse, gida ya yi tsit. Ina zaune a zaure ni kaɗai da hantsi sai na ji kukan shanu a ƙofa. Na leƙa. Wani dattijo ne daga Giade, da wasu Fulani biyu da bijimai, sun jawo wata tsohuwar mota da igiya tun daga can. Ƙafafunsu duk taɓo. Ya ce sun je gindin tsamiya ba kowa, aka nuna musu nan. Ya ce, "Malam yana ciki?"

Na gaya masa.

Ya yi salati, ya zauna a ƙasa inda yake tsaye. Fulanin suka cire malafa. Muka yi addu'a. Ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya saci kallon motar, ya ji kunyar kallon da ya yi, ya miƙe ya ce wa Fulanin su juya shanun, ba ranar wannan ba ce. Ban da niyyar taɓa ƙarfe, ban da niyyar komai.

Suna cikin juya shanun matata ta fito bakin zaure, ta tsaya daga ciki ta ce, "Inna ta ce a duba masa. Ta ce ba a taɓa mayar da mota daga ƙofar gidan nan ba."

Na ce da dattijon su kwance igiyar, a kai shanun inuwa a ba su ruwa. Matata ta koma ciki, ita da ƙanwarta suka kinkimo akwatin ƙarfen suka ajiye a gabana.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba Inna da Goggo ƙarfin ɗaukar rashinsa. In tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani.